Jadawalin Malam Muttaka, Layi na Sha Huɗu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro kuma shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Abbas Yazid, wanda muka zaɓa shekara tara da suka wuce domin wa'adin shekara biyu. Mai girma babbar baƙuwa, Hajiya Rakiya Sa'idu, wadda ta turo wakili. Mai girma wakilin nata, wanda shi ma ya turo wakili. Shi kuma wakilin wakilin da ya daure ya tako da ƙafarsa, Allah ya saka mashi da alheri. Shugabannin makarantu da ke kan babban teburi. Waɗanda suka cancanci babban teburi amma kujeru suka ƙare. 'Yan kwamitin jaka, 'yan kwamitin hoto, da 'yan kwamitin abinci da ke can waje ba sa jin mu. Abokan aikina, malamai masu ba ɗalibai shawarar shiga manyan makarantu, na cikin birni da na bayan ganuwa. Iyaye da ɗalibai. Da baƙina guda biyu da ke zaune a layin ƙarshe kusa da ƙofa: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mani wannan rana. Ina godiya ga ƙungiya da ta ga ya dace ta ba ni wannan allon yabo na shekara ashirin da biyar a bakin aiki, ta kuma rubuta a jikinsa cewa ni ne uban masu shawara na wannan gari. Ina godiya ga mai gabatarwa, wanda ya karanta tarihina har na fara sha'awar in haɗu da mutumin da yake magana a kai. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Malam Muttaka na unguwar Gobarau, kuma jadawalin da ke bangon baya na ɗan littafin taron da aka raba maku, ni na rubuta shi.

Kafin in shiga magana, ina neman afuwar kwamitin tsare-tsare. Jawabin da na miƙa masu watan jiya ba shi zan karanta ba. Kada kowa ya ji ya yi asara, domin wancan jawabi kun riga kun ji shi bara daga bakin wanda aka karrama, shi kuma a wurina ya ara, ni kuma na fara karanta shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Taken taronmu na bana shi ne koyi da juna domin ci gaban aiki. A kan wannan take zan yi magana, kashi huɗu, kuma ina roƙon kada a ɗauko abinci sai na kai ƙarshe, domin wadda za ta raba shi ina da buƙatarta.

Abu na farko, yadda muke ci gaba a wannan aiki.

Mu mutane ne masu son ilimi, babu mai musun wannan. Duk inda aka ce akwai bita, muna nan kafin a buɗe ƙofa. Mu karɓi jaka, mu karɓi biro, mu karɓi littafin rubutu, mu zauna a yi addu'ar buɗewa, a gabatar da manyan baƙi har azahar ta gabato, a tashi a yi hoto. Bayan salla da shinkafa sai a kira mai laccar, a sanar da shi cewa lokaci ya ƙure, ya taƙaita. Ya taƙaita, mu tafa mashi, a raba satifiket. Ni da ke tsaye gabanku ina da satifiket arba'in da ɗaya a bangon ofishina, har sun rufe tsagar da ginin ya yi. Ina da jaka arba'in da ɗaya, iyalina na zuba kuka da daddawa a wasu. Littattafan rubutun kuwa, wallahi in kun buɗe su ba za ku samu komai ba sai kwanan wata da sunan ɗakin taro.

Aikinmu kuwa, ga iyayen da ba su san shi ba, ba mai wuyar faɗa ba ne. Yaro ya gama sakandare yana son shiga jami'a. Dole ya rubuta jarrabawar JAMB, darasi huɗu, kuma kowane kwas yana da darussan da ake nema. In ya rubuta waɗanda ba su ba, ko da ya cinye makin duniya, ba za a dube shi ba. Mu aka ajiye mu faɗa mashi waɗanne huɗu zai zaɓa. Hukumar jarrabawar tana fitar da littafin jagora, yana nan a fili, kowa na iya dubawa ko a wayarsa. Sai dai littafin yana da kauri, rubutunsa ƙanana, mu kuma mutane ne masu bita da yawa a gabansu.

Abu na biyu, yadda muke koyi da juna.

Shekara goma sha takwas da suka wuce, wata ranar Laraba da hantsi, na zauna a ofis na ce bari in sauƙaƙa wa kaina aiki. Na ɗauki takarda guda na ja layi talatin, kowane layi da sunan kwas da darussansa huɗu. Wasu na duba littafin jagora, wasu na duba kaina, domin a lokacin na amince da kaina ƙwarai. Ina gamawa aka kawo mani shayi, na ɗora kofin a kan takardar, gindinsa ya bar wani da'ira a gefen dama, daidai wajen layi na sha huɗu. Ban damu in sake rubutawa ba, na liƙa ta a bango haka nan.

Ba a yi wata ba wani abokin aiki ya ziyarce ni, ya gani, ya yaba, ya ari takardar ya yi fotokwafi. Kafin ya yi, sai ya yanko 'yar farar takarda ya rufe sunana, ya rubuta nasa. Ban yi fushi ba, ai haka ake yi. Wani ya gani wurinsa ya ara, ya rufe sunan wancan ya sa nasa. Wani ya ara wurin wannan. A haka takardar ta fita Ƙofar Kwaya, ta fita Ƙofar Soro, ta bar gari, ta shiga makarantun da ban taɓa takawa ba. Suna yana canzawa, rubutu yana dusashewa, amma da'irar kofina tana nan, kullum ƙara baƙi take. Na taɓa ganin kwafin a wata makaranta mai nisa, malamin ya nuna mani da alfahari ya ce shi ya tsara, ya sha wahala a kai. Na tambaye shi wannan da'irar fa, ya ce hatimin ma'aikata ne.

Yanzu ina roƙon kowa ya juya ɗan littafin da ke hannunsa ya dubi bangon baya. Kun ga an sake buga jadawalin da kwamfuta, an yi mashi ado, an mayar da sunana sama saboda karramawa. Kun ga wannan zobe mai ruwan zinare a gefen dama? Mai buga littafin ya tambayi kwamiti ko a cire, kwamiti ya zauna, ya yanke cewa tambarin tarihi ne, a bar shi. Jama'a, gindin kofin shayi ne. Kofin ma ya fashe tuntuni.

Wannan shi ne koyi da juna irin namu. Muna aron takarda, ba ma aron tambaya. Muna kwafar abin da babba ya rubuta, ba ma duba inda ya samo. Kuma in babba ya yi kuskure, sai mu raba kuskuren daidai wa daida, kowace makaranta ta samu nata kaso.

Abu na uku, yadda muke sauraren na ƙasa da mu.

Akwai wata abokiyar aikinmu, Malama Hajara, mai koyar da Bayoloji a wata makarantar 'yan mata, wadda aka ɗora wa aikin shawara shekara uku da suka wuce. Da yawanku kun san ta, amma da sunan mai raba abinci, domin al'adarmu ce duk wanda ya shigo ƙungiya sabo, musamman mace, mu fara horar da shi a kan kulolin shinkafa. Ita wannan baiwar Allah tana da wata ɗabi'a da ba mu saba da ita ba. Da aka ba ta kwafin jadawalina, sai ta zauna ta buɗe littafin jagora, ta bi layi-layi tana gwadawa.

Ta samu ashirin da tara daidai. Ta samu ɗaya ba daidai ba. Layi na sha huɗu, karatun likitan dabbobi. Ni na rubuta Turanci, Bayoloji, Kemistiri, da Agirik. Littafin jagora ya ce Turanci, Bayoloji, Kemistiri, da Fiziks. Na tuna sarai yadda aka yi. Ranar nan da na zo layin, na ce a raina dabba ai abokiyar noma ce, me za a duba, na rubuta Agirik na wuce.

Sau uku Malama Hajara ta yi ƙoƙarin gaya mani, kuma ina so ku ji yadda na karɓe ta, domin ban yi komai ba wanda ku ba za ku yi ba.

Na farko a wajen bita ne, a wannan ɗaki, ni ne kuma ke jagorantar zaman. Ta ɗaga hannu tun daga baya. Na gan ta. Na ba manya uku dama suka yi tsokaci, wato suka maimaita abin da mai lacca ya faɗa, sa'an nan na dubi agogo na ce, "Malama, ga alama hannun nan na sanar da mu abinci ya iso ne." Aka yi dariya. Ta sauke hannunta ta fita ta fara rabo.

Na biyu ta zo ofishina da ƙafarta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, ta tambayi ƙafata da ke ciwo, sa'an nan ta ce, "Baba, na ce ko an samu damar leƙa littahin jagoran bana? Na ga kamar layi na sha huɗu, wataƙila ni ce ban gane ba." Na jingina da kujera, satifiket arba'in na kallon ta daga bayana, na ce, "Ɗiyata, sadda na rubuta takardar ga, kina aji nawa a firamare?" Ta ce aji biyar. Na ce, "To madalla. Ki gaida mutanen gida."

Na uku ta rubuta a zaurenmu na waya, da ladabi, har da hoton shafin littafin. Tsautsayi ya sa ranar aka yi wa ɗaya daga cikinmu ƙarin girma. Saƙonta ya nutse ƙarƙashin taya murna ɗari da wani abu. Mutum ɗaya ne ya lura da shi, Malam Bala mai kula da zauren, wanda ya tunatar da ita cewa ba a sa takarda a zaure sai dattawa sun gani sun amince. Dattawan kuwa ni ne shugabansu.

Wani zai ce, in kuskuren ya shekara goma sha takwas, me ya sa bai fito ba? Amsar tana da sauƙi, kuma ita ma abin kunyarmu ce. Duk yaron da muka ga yana da ƙwaƙwalwa, likitan mutane muke tura shi, in ya ƙi mu ce lauya. Layi biyu ko uku muke aiki da su, sauran ado ne. Wanda kuwa ya dage sai likitan dabbobi, in bai samu ba, muna da kalma guda da muke sallamarsa da ita, mu ce babu rabo. Ban san yara nawa muka sallama da wannan kalma ba. Na yi ƙoƙarin tunawa cikin makon nan, na tuna fuska huɗu, na kasa tuna sunan ko ɗaya, kuma wannan ya fi komai ci mani rai.

Abu na huɗu, kuma shi ne dalilin da ya sa na canza jawabi, wadda na tuna sunanta.

Hindu ɗiyar Malam Yero ce, makiyayi da ke zaune da iyalinsa da shanunsa a bayan gari, ta hanyar Jibiya. Wajen goggonta a Ƙofar Kwaya ta zauna ta yi karatu, a makarantar da nake aiki. Tun tana aji huɗu take faɗa wa duk mai saurare cewa likitan dabbobi za ta zama, domin ta ga yadda ciwo ke shiga garke ya kwashe abin da aka yi shekaru ana tarawa kafin a samo mai allura daga birni. Na yi ƙoƙarin karkata ta zuwa likitan mutane kamar yadda muka saba, ta ƙi. Bara, wata biyu bayan zuwan Malama Hajara ofishina, Hindu ta shigo da fom ɗinta. Na nuna mata layi na sha huɗu da bakin biro. Ta karanta, ta ce, "Malam, babu Fiziks? Ni na ji kamar ana nema, kuma ina iyawa." Ni kuma, da wannan bakin da ke yi maku jawabi, na ce, "Ke, mi ya haɗa saniya da Fiziks?" Na yi dariya, ita ma ta yi don ladabi. Ta rubuta Agirik.

Ta ci maki ɗari biyu da saba'in da ɗaya. Mun sa sunanta a allon makaranta, na tsaya kusa da ita aka yi mana hoto. Sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka suka fito na farko, babu ita. Na biyu, babu ita. Waɗanda ta fi da maki arba'in suka ɗaure akwati suka tafi, ita tana zaune gidan goggo tana jiran na uku.

Malam Yero bai yi boko ba, amma ba ya barin abu a duhu. Ya zo wurina, na duba fom, na duba bango, na ce komai daidai, babu rabo ne. Bai gamsu ba. Ya ce bari ya ji bakin wani malami. Ya tafi wata makaranta, wurin Malam Sagir, wanda ke zaune nan layi na biyu, kuma na nemi izininsa kafin in ambace shi. Malam Sagir ya buɗe durowa ya ciro jadawalin da sunansa ke sama, ya bi da yatsa, ya ce fom ɗin nan ko shi ne haka zai cike. Malam Yero ya tafi wurin na uku, can wata unguwa, shi ma ya ciro nasa mai nasa sunan, ya ce daidai ne. Bawan Allah ya yi yawo makaranta uku, ya gaida dattawa uku, yana zaton shawara uku ya ji, alhali ni kaɗai ya yi ta tambaya.

Daga nan ya yanke hukunci, kuma duk mai hankali irin hukuncin da zai yanke ke nan. Takarda daidai, maki ya kai, malamai uku sun shaida, ba a ɗauke ta ba. Ashe ke nan ba a ɗaukar ɗiyan makiyaya. Ya ɗauke Hindu daga Ƙofar Kwaya ya mayar da ita gida, ya ce an gama.

Mako biyu da suka wuce goggon yarinyar ta kai kukanta wurin wata maƙwabciyarta, maƙwabciyar kuwa Malama Hajara ce. Ta dubi fom ɗin sau ɗaya. Washegari da safe ta shigo ofishina ba ta durƙusa ba. Ta ce, "Baba, yau ba zan tambayi ƙahwarka ba." Ta ciro jadawalin daga bango da hannunta, ta shimfiɗa a teburi, ta ɗora wayarta a kai da shafin littafin jagora a buɗe, ta ɗora takardar makin Hindu a gefe. Ta ce, "Karanta. Da ƙarhi, in ji." Na karanta. Shekara ashirin da biyar ina halartar bita, ban taɓa koyon abu kamar na wannan minti biyar ba, kuma ba a ba ni jaka ba.

Na ji kunya, na ji tsoron Allah, kuma ba zan ɓoye maku ba, na fara jin haushinta kafin in ji haushin kaina. Da na dawo hayyacina na hau babur na tafi wurin Malam Yero. Na same shi gindin bishiya yana gyaran igiya. Na faɗa mashi komai, na roƙe shi ya bar Hindu ta sake rubutawa bana. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce:

"Malam, na ba ku ɗiyar ga shekara goma sha biyu. Na tahi wajen dattawa uku masu hurhura, kowa ya ce takarda daidai take. Yau kai kaɗai ka taho, ba kowa sai ni da shanu, kana ce mani ba daidai take ba. Gobe in ta sake hwaɗuwa, wa ya ji ka? Na ga yadda yarinyar ga ta koma, ko nono ba ta iya sha. Ba ni sake kai ta a wulaƙanta. In abin da ka hwaɗi gaskiya ne, ka hwaɗe shi inda kuke taruwa kuna tahwa ma juna, gaban waɗancan biyun, ina zaune ina ji."

Shi ya sa yake zaune can kusa da ƙofa, da Hindu a gefensa. Na lura 'yan kwamiti sun karɓe shi da kyau, sun ba shi jaka, kuma an ce mani an riga an rubuta mashi satifiket na ƙwararren mai shawara. Kada a karɓe. A cikin ɗakin nan shi ne mutum na biyu da ya taɓa tambaya sau uku.

Yau Asabar. Jibi Litinin ake rufe rajistar bana. In Hindu ba ta yi ba kafin nan, shekara ta biyu ta tafi, kuma duk wanda ya san yadda rayuwa take ya san ba kasafai ake dawowa bayan ta biyu ba. Ba ita kaɗai ba. A makarantunku akwai yaran da za su yi rajista gobe da jibi, kuma takardar da za ku nuna masu ita ce wannan mai zoben zinare.

Saboda haka ina da roƙo uku.

Ina roƙon kowa ya buɗe sabuwar jakarsa ya ciro biron da ke ciki. Na san ba mu saba amfani da shi ba, a ɗan goga bakinsa a tafin hannu zai kawo. A je layi na sha huɗu, a soke Agirik, a rubuta Fiziks. Mai girma shugaba, har da kai. Wakilin wakili, in ka koma ka gyara na wanda ya aiko ka, shi ma ya gyara na wadda ta aiko shi. Kuma kada ku yarda da ni ko a wannan gyaran. In kun koma ku buɗe littafin jagora da kanku, kowace shekara, domin abin da ke daidai bana yana iya canzawa baɗi.

Ina roƙon wani ya fita ya kira Malama Hajara, ya karɓi cokalin daga hannunta. An ware mani minti arba'in, na ci ashirin da biyar, sauran nata ne, ta bi da mu layi talatin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ji yunwa ya daure. Shinkafar kuwa, in an gama, ni da Malam Sagir da Malam Bala za mu raba, tunda mun nuna cewa mun iya raba abu ya kai ko'ina. Wannan allon yabo zan tafi da shi, ba zan yi maku rashin kunyar mayarwa ba. Yana da faɗi kuma ba ya jiƙa, a kansa zan riƙa ɗora kofin shayi.

Roƙo na uku naka ne, Malam Yero.

Ga ni inda ka ce in tsaya. Ga waɗanda muke tafa wa juna, ga Malam Sagir, ga na ukun can ya sunkuyar da kai. Ina faɗa da babbar murya, kowa ya shaida: ɗiyarka ba ta faɗi ba. Babu wanda ya ƙi ta don ɗiyar makiyayi ce. Jami'a ba ta zalunce ta ba, hukumar jarrabawa ba ta zalunce ta ba, rabo bai guje ta ba. Ita ta san daidai, ta faɗa mani a ofishina, na yi mata dariya. Ni na cinye mata shekara, ni Muttaka, da hannuna da girman kaina. Ba ni da abin da zan mayar mata da ita. Hindu, ki yafe mani in kin iya, in ba ki iya yau ba, ba zan ga laifinki ba.

Abin da nake roƙo shi ne ranar Litinin. Ba ni zan cike mata fom ba, na gama wannan. Ita za ta cike da hannunta, Malama Hajara na zaune gefenta da littafin a buɗe. Ni aikina in yi sammako in kama masu layi a rana. Ba zan yi maka alkawarin za ta samu ba, domin na daina faɗar abin da ban duba ba. Abin da na duba na tabbatar shi ne, wannan karon ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ita ce ta gidan.

Na ga ka miƙe tsaye, Malam Yero. Ƙofa na kusa da kai, in ka fita babu mai tare ka, kuma ka yi daidai.

Jama'a, ku ɗan yi mani haƙuri. Waɗanda ke gaba ba sa gani, bari in faɗa maku. Ya buɗe jakar da aka ba shi. Ya ciro biron. Ya miƙa wa ɗiyarsa.

Ya Allah, ka yafe mana abin da muka faɗa ba da sani ba, da abin da aka faɗa mana muka ƙi ji. Yaran da muka sallama muka manta sunayensu, kai ba ka manta ba, ka buɗa masu ta inda ba mu zata ba. Ka ba manyanmu kunnen sauraren ƙanana, ka ba ƙanananmu ƙarfin halin faɗa karo na huɗu. Ka albarkaci garken Malam Yero, ka ba Hindu nasara a abin da ta sa gaba. Ka zaunar da Katsina lafiya, ka mayar da kowa gidansa lafiya.

Malama Hajara, ga abin magana, ki ajiye ladabi a gefe ki gyara mu.

Na gode.